GWAFAR MAƊACI: DUKIYAR DA MUKE MAYARWA GAWAYI

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ma'aikaci a sashen gandun daji, ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni dama in ce wani abu. Ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya tsaya yana jawabi a gaban malaman da suka sha gyara masa rubutu da jan biro. Saboda haka ina roƙon iyayenmu malamai su ajiye jan biron a aljihu har in gama.

Abin da zan yi magana a kai shi ne yadda ake yanka gungumen itace mai gwafa a ƙaramin injin katako. Na san wasu za su ce, duk matsalolin da ke damun makarantar nan a rasa abin tattaunawa sai gwafa? To ku ba ni aron kunnuwanku, domin ina fata kafin in zauna ku yarda cewa ɓangaren itacen da muka fi rainawa shi ne ya fi sauran daraja, in dai an san yadda za a yi da shi.

MECE CE GWAFA?

Bahaushe ya daɗe da sanin gwafa. Da ita yake kafa rumfa, da ita yake tokare reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi, ita yake kafawa a bakin rijiya. Kakanninmu sun gane cewa wurin da itace ya rabu biyu ba ya tsaguwa da sauƙi. Duk wanda ya taɓa faskare ya san haka, domin gatari yakan shiga miƙaƙƙen itace ya raba shi nan take, amma in ya iso gwafa sai ya yi ta tsalle yana dawowa.

Wannan taurin kan shi ya sa 'yan katako ba sa son ta. Idan an kayar da itace, mai injin sara yakan auna miƙaƙƙen jikin, ya datse shi daga ƙasan gwafa, ya ɗauki nasa ya tafi. Abin da ya rage sai masu gawayi da masu gidan burodi. Je ka kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko wata irinta, za ka ga katako iri-iri an jera, mai inci 1 da mai inci 2, dogo da gajere, amma da wuya ka ga wanda aka fitar daga gwafa.

A ƙasarmu kuwa gwafa ba ta da wuyar samu, musamman a jikin maɗaci. Maɗacin daji yakan kai tsawon mita 30, amma sau da yawa jikinsa gajere ne, yakan rabu tun bai yi nisa da ƙasa ba. Babban dalili shi ne wata tsutsa da masana suke kira Hypsipyla robusta, wadda take huda kan tohon maɗaci tun yana ƙarami ta kashe shi. In kan ya mutu sai rassa biyu ko uku su fito a madadinsa, kowanne yana neman zama shugaba. Haka nan sassaben da makiyaya suke yi wa rassan don ciyar da shanu yana ƙara yawan rabuwar.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Duk wanda ya shigo ta bayan ɗakin gwaje-gwaje yau ya ga babban maɗacin nan kwance, wanda iskar ƙarshen damina ta tumɓuke. Yawancinmu mun yi karatun jarrabawa a gindinsa, wasunmu kuma sun durƙusa a wurin, ba don karatu ba. Na ji an fara maganar a sayar da shi ga masu itacen girki. Da shi zan riƙa ba da misali.

ABIN DA KE CIKI

Kowane itace yana da cibiya, wato ɗan siririn layin nan da ke tsakiyarsa, wanda zoben shekaru suke kewayewa. A miƙaƙƙen gungume cibiya ɗaya ce, kuma jijiyoyin itacen suna tafiya a miƙe daga gindi zuwa sama. A gwafa kuwa cibiyar takan rabu biyu. Kowace shekara rassan biyu suna ƙara kauri, suna matse juna a tsakiya, sai jijiyoyin da ke tsakaninsu su rasa wurin zuwa, su lanƙwashe, su harɗe, su hau kan juna kamar saƙar tabarma. Wannan harɗewa ita ce take mayar da gatari, kuma ita ce take haifar da adon da ake nema.

Idan aka yanka wurin yadda ya kamata, aka goge, aka shafa mai, za a ga zane kamar gashin jimina ko harshen wuta yana tashi daga tsakiya yana bazuwa dama da hagu. In ka matsa gefe sai ka ga hasken ya sauya, kamar yadda shadda take yi a rana. Kafintocin Ingila da na Amurka sun san darajar wannan tun ƙarni na 18 da na 19. Sukan fere gwafar wani ɗan uwan maɗaci da ake kawo musu daga yankin Karebiyan falle-falle, su liƙa a ƙofofin kabad da fuskar teburan masu hali. Har yau ana fere gwafar maɗacin Afirka falle-falle, kowane falle bai kai kaurin milimita 1 ba, ana sayarwa da tsada a ƙasashen waje. Abin da suke yi wa ado a falonsu shi muke turawa ƙarƙashin tukunya.

Sai dai ba kowace gwafa ce take da amfani ba. Wadda ta buɗe sosai, tsakiyarta ya yi kamar sirdi, ita ce mai kyau, domin naman rassan biyu ya haɗe. Wadda ta matse kamar bakin almakashi sau da yawa ɓawo ne ya maƙale a tsakaninta, rassan ba su haɗe ba, jingina kawai suka yi da juna. Irin wannan da an yanka sai katakon ya rabu biyu. Haka kuma ruwan sama yakan kwanta a tsakiyar gwafa shekara da shekaru ya ruɓar da ita. Saboda haka kafin a kashe ko sisi, sai a ƙwanƙwasa wurin da bayan gatari. In ya yi ƙara a dunƙule, lafiya lau. In ya yi amo kamar ganga, akwai kogo a ciki. Na duba namu, na ƙwanƙwasa, kuma alhamdu lillahi gwafarsa a buɗe take, ba ta yi amon ganga ba.

INJIN DA YA DACE

Mafi yawan katakon da ake fitarwa a dazuzzukanmu da injin sara na hannu ake tsaga shi, wanda ake bi da ido ba tare da wani ma'auni ba. Bakin wannan injin yana cin kimanin milimita 8 a kowane yanka, ya mayar da shi gari. Ƙaramin injin katako na zamani kuwa zartonsa siriri ne, an haɗa bakinsa da wutsiyarsa kamar ɗamara, yana kewaya ƙafafu biyu. Gungumen yana kwance a wuri ɗaya, kan injin ne yake tafiya a bisa dogo kamar na jirgin ƙasa, yana yanka a kwance. Abin da yake ci bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Kamfanin Wood-Mizer na Amurka ya fara ƙera irin wanda ake iya ja da mota zuwa wurin da itace yake a shekarar 1982, kuma daga baya wasu kamfanoni da dama suka bi sahu.

Bari mu yi ɗan lissafi, ko malaminmu na lissafi ya san wahalarsa ba ta tafi a banza ba. A ce an daidaita gungume ya zama kaurin santimita 60, ana son katako mai milimita 25. Da injin hannu kowane katako zai ci milimita 33, a sami 18. Da siririn zarto zai ci milimita 28, a sami 21. Katako 3 ke nan a kowane gungume suke zama gari a banza. Ban da wannan, fuskar da injin hannu ya yanka sai an kankare ta sosai kafin ta daidaita, nan ma wata asarar ce.

YADDA AKE YANKAWA

Mataki na farko shi ne datsewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a datse gungumen dab da inda ya rabu. Adon nan ba a wurin da ido yake ganin rabuwar ya fara ba, yana gangarowa ƙasa cikin jikin itacen, domin shekarun baya a can ƙasa rabuwar take. Saboda haka a bar aƙalla mita 1 daga ƙasan gwafar, a bar kuma kamar santimita 30 a kan kowane reshe. Ragowar miƙaƙƙen jikin a yanka shi yadda aka saba, a sami katakon benci da na tebur.

Na biyu shi ne tsabtacewa. Ɓawon itacen ƙasarmu cike yake da yashin da iska take kawowa, yashi kuwa shi ne babban abokin gaban zarto. A ɓare ɓawon ko a wanke shi da burushi. Itacen makaranta yana da wata matsalar ta dabam, wato ƙusa. Allah kaɗai Ya san yawan sanarwar da aka kafa a jikin maɗacin nan, kuma itace yakan haɗiye ƙusa ya rufe ta ruf. Ƙusa ɗaya ta isa ta zubar da haƙoran zarto. Baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a jikin naman itace alama ce ta ƙarfe a kusa. In an sami na'urar gano ƙarfe irin ta masu gadin ƙofa, a bi jikinsa da ita.

Na uku shi ne ɗorawa, kuma a nan ne hatsari yake. Ɗanyen maɗaci mai kaurin santimita 80 da tsawon mita 2 nauyinsa ya kusa tan 1. Miƙaƙƙen gungume yana mirginawa yadda ake zato, amma mai gwafa ba a san inda zai faɗa ba. A yi amfani da sarƙa da jak da dogayen sanduna, a sa waigi a kowane mataki, kada kowa ya tsaya ta gangare, kuma kada a bar ɗalibai su matso don kallo.

Na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin, shi ne kwantarwa. Ku ɗaga yatsunku biyu, manuni da na tsakiya, ku buɗe su, sa'an nan ku kifa hannun a kan tebur. To haka ake kwantar da gwafa, rassan biyu suna kwance gefe da gefe, ba ɗaya a kan ɗaya ba. Daga nan a auna tsayin cibiyoyi uku daga gadon injin: ta gindi da ta kowane reshe. A yi ta ɗagawa ana cusa katako a ƙasa har ukun su zo daidai. Dalili shi ne ana son zarto ya bi ta shimfiɗar da cibiyoyin suke, domin a nan ne gashin jiminar yake buɗewa gaba ɗaya. In aka tsayar da gwafar, reshe ɗaya sama ɗaya ƙasa, zarto zai ratsa adon ta gefe, a sami katako mai ƙulli wanda ba shi da kyau ba shi da ƙarfi. Minti talatin da aka ɓata wajen wannan awo ya fi duk sauran aikin yinin muhimmanci.

Sau da yawa faɗin gwafar yakan fi ƙarfin injin, domin yawancin ƙananan injuna ba sa ɗaukar gungumen da ya wuce santimita 70 zuwa 90. In haka ta faru, sai a rage gefen waje na rassan biyu da injin hannu. Daga waje ake ragewa, ba a taɓa tsakiya.

Na biyar shi ne yankan kansa. A sa sabon zarto mai kaifi, a tafi a hankali. A miƙaƙƙen itace zarto yana bin jijiya ɗaya daga farko har ƙarshe, amma a gwafa yana cin karo da jijiyoyin da suka fuskanci ko'ina, wuri mai taushi yana bin wuri mai tauri. In an matsa masa sai ya riƙa hawa da sauka, katakon ya fito da tudu da kwari. Bugu da ƙari, reshen da ya karkata yakan gina wani irin nama a gefensa na sama wanda yake a ɗaure kamar tsirkiyar baka, don ya riƙe nauyinsa. Da zarto ya saki wannan ɗaurin sai katakon ya motsa, ya ɗaga ko ya matse zarton. Don haka a riƙa cusa ƙananan waigi a bayan zarto yayin da yake tafiya, kuma mai yankan ya rufe hancinsa, domin garin maɗaci yana da ɗaci yana sa tari.

Kada a yanka da siranta. Inci 2 shi ne mafi ƙaranci, inci 2 da rabi ko 3 ya fi, domin ko an yi yaya sai ya ɗan kantare wajen bushewa, kuma sai an kankare kafin ya daidaita. Katakon da suka fito daga sama da ƙasa adonsu kamar guguwa yake, na kusa da cibiya su ne masu cikakken gashin jimina. Kowanne ya fito a rubuta masa lamba da alli, a jera su yadda suke a jikin itacen. Amfanin wannan shi ne, katako biyu da suke maƙwabtaka in aka buɗe su kamar littafi aka haɗa, zanen ɗaya yakan zama madubin ɗayan, a sami fuskar tebur wadda babu irinta.

BUSARWA

Jama'a, yanka aikin yini ɗaya ne, amma busarwa aikin shekara ne ko fiye, kuma a nan mafi yawan mutane suke asarar abin da suka samu. Itace ba ya fara tsukewa sai danshinsa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100. Daga nan yakan tsuke ta faɗi, amma ta tsawo kusan ba ya motsi. To a gwafa, inda jijiyoyi suka fuskanci ko'ina, wani wuri yana ja gabas wani yana ja arewa, sai katakon ya murɗe ko ya dare.

Maganin wannan shi ne a hana shi saurin bushewa. A ranar da aka yanka a shafe bakunan katakon da narkakken kaki ko fenti mai kauri, a shafe har da fuskar adon, domin ruwa ya fi saurin fita ta nan. A jera su a inuwa bisa bulo, nesa da ƙasa saboda gara. Tsakanin katako da katako a sa busassun sanduna masu kaurin inci 1, tazarar kamar santimita 50, kowace sanda a saitin ta ƙasanta. A ɗora duwatsu ko bulo masu nauyi a sama.

Turawa suna da ƙa'idar cewa kowane inci na kauri yana bukatar shekara guda. Mu a nan matsalarmu ba jinkirin bushewa ba ce, saurinsa ne. A tsakiyar hunturu laimar iska takan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100, har leɓen mutum ma tsagewa yake yi balle ɗanyen katako. Wannan ne ya sa kujerar da aka ƙera a Legas takan buɗe baki in ta yi hunturu ɗaya a Arewa. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a yanka gwafa shi ne farkon damina, don ta yi watannin farko cikin iska mai laima. In hunturu ya zo a kewaye ta da zana, musamman ta arewa maso gabas inda iskar take fitowa.

Ko da ya ɗan tsage, ba a yar da shi. Wani shahararren kafinta Ba'amurke ɗan asalin Japan, George Nakashima, wanda ya rasu a 1990, ya yi suna da teburan da yake yi da irin waɗannan katako. Inda ya tarar da tsaga sai ya sassaƙa ɗan katako mai siffar malam-buɗe-littafi ya dasa a kanta ya ɗaure ta, tsagar ta zama ado.

ME YA SA ABIN YA DAME MU?

Manyan itatuwanmu suna ƙarewa. Mun ga abin da ya sami madobiya, yadda aka yi ta lodinta daga Taraba da Kogi da wasu jihohi zuwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta sa ta cikin jerin waɗanda ake taƙaita cinikinsu a 2016, sa'an nan a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A taron da aka yi a Panama a 2022 an ƙara maɗaci da kawo cikin wannan jeri. A can arewacin Ostireliya kuwa gonaki ake yi na maɗacin nan namu don katako. Itacen da ya shekara sittin ko saba'in yana girma, bai kamata a ƙone rabinsa cikin mako guda ba. Duk katakon da aka fitar daga itacen da ya riga ya faɗi, wani itacen ne mai rai aka bari a tsaye.

Saboda haka ina da roƙo huɗu ga wannan ƙungiya. Na ɗaya, a dakatar da maganar sayar da maɗacin ga masu itace. Ƙananan rassan sun ishe su. Na biyu, cikin makon nan a datse shi yadda na bayyana, a shafe bakunan da fenti, a ɗaga shi daga ƙasa, a rufe da zana, kuma a sanar da ofishin gandun daji don a sami izni a rubuce. Na uku, in damina ta faɗi a ɗauko mai ƙaramin inji ya yanka. Miƙaƙƙen jikin a yi wa ɗalibai benci, gwafar kuma a adana ta har ta bushe a yi babban teburin ɗakin karatu. A bar 'yan ajin koyon sana'a su ga aikin daga nesa, domin cikinsu akwai masu iya zarcewa kwalejin gandun daji ta Jos ko ta Afaka a Kaduna. Na huɗu, kowane aji da ke cikin wannan ƙungiya ya dasa maɗaci 10 a harabar makaranta, ya kuma ɗauki nauyin ban ruwa da shinge har su fi ƙarfin awaki. Waɗanda suka dasa wanda ya faɗi ba su san mu ba, amma mun sha inuwarsa.

Na san wani zai ce shekara biyu ta yi yawa a jira tebur ɗaya. Amsata ita ce, malamanmu da suke zaune a nan sun jira mu shekara shida, kuma da yawanmu ba miƙaƙƙu ba ne lokacin da aka kawo mu.

Daga ƙarshe ina addu'a Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda suke raye da alheri, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.